Barka da Sallah daga zangonmu na jihar Fulorida ta Amurka

Assalamu alaikum Inna, Baba da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah, an sha ruwa lahiya? Allah shi karɓi ibadunmu shi maimaita muna ta baɗi da rai da lahiya. Auta ke za ki karanta ma Inna wanga saƙo, don Allah ki karanta shi duka kar ki tsallake komi, don ita nika son ta ji.

Lokacin da kunka hita Fakon Idi ni nan ko kiran asalatu ba a yi ba, awa biyar ke tsakaninmu yanzu, ina kwance ina ta kallon hotunan da Yaya ke turowa na yara cikin sabbin kaya har gari yaw waye. Sai da nit tuƙa kusan awa guda zuwa birnin Olando kahin in samu jam'i, masallaci cike da Larabawa da ƴan Pakistan da ƴan Senegal, alhamdu lillahi an yi salla lahiya, amma ba tambari ba algaita ba doki ko ɗaya, ana sallamewa kowa ya nuhi motarshi.

To Inna, Yaya ya hwaɗa min tun da kinka ga hoton nan hankalinki bai kwanta ba, wai wani ya ce maki cikin mota nike kwana don ba ni da gida. Wallahi Inna ba haka ba ne, kuma da ina cikin wahala ke za ki hwara ji daga bakina. Aikinmu na kakkahwa allunan sola ba wuri guda anka aje shi ba, wata uku nan wata huɗu can, su ko masu gidan haya sai ka sa hannu na shekara guda, in ka tashi kahin lokaci kuɗinka sun tahi, sau biyu hakan na samuna. Shi yas sa nis sayi wagga tirela ta hannu wadda nika ja da akori-kura ta, su nan RV suka ce mata. Ɗaki ne sosai bisa taya, da gado da kicin mai murhun gas da firij da AC da banɗaki har da shawa. Tsayin ta ya kai zauren Baba.

Kuma ba bakin titi aka aje ta ba. Akwai wurare na musamman, ni zango nika ce musu don ba su da maraba da zangon fatake, kowa da hilinshi mai lamba, ga turken wuta da zaka jona, amfiya 30 ko 50 gwargwadon girman tirelarka, ga hwamfo ga tebur ga wurin hura wuta in kana son gashi. Akwai ma'aikata bakin ƙohwa, dare na yi an hana hayaniya. Abin da yab ban wahala da hwarko ruwa ne, don tankuna biyu ag ƙarƙashinta, guda na ruwan wanka da wanke-wanke guda na bayi, in sun cika sai ka kai wurin da anka tanada ka juye. Mu masu buta da alwala sau biyar namu ya hi na kowa saurin cika, yanzu dai waje nika alwala bakin hwamfo bisa ɗan dutse, ya ma hi min daɗi.

Don Sallah nid dawo wani gandun gwamnatin jiha da aka kira Blue Spring, kusa da gulbin St. Johns. Wurin ga sai ka kama tun watanni kahin lokaci ta intanet, kuma ba a bari ka wuce kwana 14, ni ko ban san ranar da wata zai tsaya ba sai nik kama sati guda cur, ko 29 anka yi ko 30 ina ciki. Baba kai nit tuna a nan. Ka tuna labarin ayu da kaka ba mu, na can Yawuri, wanda kac ce masunta kan shekara ba su sa shi a ido ba? To Baba na ga ayu da idona. Wani marmaro ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ruwan garau kamar na gilashi, kuma rani da damina ɗuminshi guda, digiri 22, to in gulbi ya yi sanyi sai su shigo nan su sha ɗumi. Da niz zo cikin Janairu kwance suke jere jere ba su ƙirguwa, kowane ya hi saniya, ga ɗiyansu manne da su, sai ka ga guda ya ɗago hanci a hankali ya ja numhwashi ya koma. Yanzu da gari yay yi ɗumi saura kaɗan. Doka ta hana a taɓa su, ko wanka an hana cikin ruwan daga Nuwamba har ƙarshen Maris. Na daɗe tsaye nan ina tasbihi ina cewa ina ma Baba na kusa.

Akwai kada kuma, ba zan ɓoye ba, kusan duk inda ruwa ya kwanta a jihar ga sai ka ɗauka akwai shi. Ba shi abinci laihi ne wurin hukuma don kar shi saba da mutane. Ba ni zuwa bakin ruwa da dare.

Maƙwabtana wani tsoho ne da matarshi daga Kanada, sun yi ritaya, duk Nuwamba suka gudo ma ƙanƙarar garinsu su zo nan, Afrilu na yi su koma, kuma irinsu dubbai ne. Da nib ba shi labarin yadda mutanenmu ke tahiya cin rani bayan an kai amhwani gida, da yadda Baba yay yi shekaru shina zuwa Sabon Ibadan, sai yac ce ashe su ma ƴan cin rani ne. Tun da yag gane azumi nike bai ƙara gashin nama ta gehena da rana ba, ba tare da na roƙe shi ba. Yau na yi masa da miyar taushe na kai musu, ba ta kai ta Inna ba ko kusa amma sun cinye.

Zahi ko akwai shi, sai dai ba irin namu ba. Na san yanzu Sakkwato ta hwara wuce 40, amma namu busasshe ne, randa na sanyaya ruwa. Nan daga Mayu iska jiƙe take, zuhwa ba ta bushewa, ga sabro da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari masu wuce raga. Abin da nika son ku riƙa sa ni addu'a kanshi shi ne guguwar teku, lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, in ta taso masu irin ɗakina aka hwara cewa su tashi. Sai dai ana sanarwa tun da kwanaki, ni ko awa guda ta ishe ni in naɗe igiyar wuta da tiyo in ɗaura tirela in yi arewa.

Zakkar hidda kai na riga na tura ma Yaya tun shekaranjiya, da goron Sallar yara da na Gwaggo da Kawu, kowa da sunanshi. A gaida Malam na masallacinmu. Gobe in kun gama sallar la'asar Auta ki sa waya caji ki zauna kusa da Inna, zan kira ta bidiyo in zagaya da ita ciki da waje, ta buɗe firij ta ga gado ta ga maƙwabta da idonta.

Ɗanku.