Baban Yara da Hantar Rago

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, duk da dai naman har ya kusa ƙarewa a kwalla. Ya maigidan da yara, ya Kumasi? Tun da kika koma ƙasar goro shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na san za ki ce ni ma ban neme ki ba. To ji abin da ya riƙe ni.

Kin san tun bara likita ya ce Baban yara yana da ciwon suga. Ranar idi da asuba ya haɗiye ƙwayarsa, ya ce ba abin da zai shiga cikinsa sai hantar ragonsa, sunna ce. Na dama koko, na roƙe shi, ya ce in bar shi da ladansa. Haka ya taka har filin idi a ƙasa, ya dawo a ƙasa. Ana cikin fiɗa, yana tsaye a kan mahauci yana ba da umarni (kin san shi, wuƙa bai iya riƙewa ba amma baki sai ka ce sarkin fawa), sai na ga gumi ya jiƙa masa sabuwar shadda sharkaf, hannu na karkarwa, magana tana fita a karkace. Na ɗauko na'urar gwaji na huda yatsa: 3.2. An gaya mana da ma duk abin da ya sauka ƙasa da 3.9 hatsari ne. Wallahi lemon kwalban da nake ɓoye masa shekara guda, shi na buɗe da hannuna na ɗura masa rabi. Bayan minti 15 muka sake gwadawa, ya ɗan hau, sannan na sa masa tuwo a gaba. Bai ƙara zancen hanta ba.

Da muka koma asibiti likita ta yi mana bayani. Ƙwayar da yake sha, glibenclamide, tana sa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, shi ya sa shan ta da yunwa ga doguwar tafiya ke kayar da mutum. Metformin, wata ƙwayar ciwon suga, ita kaɗai ba kasafai take yin haka ba. Liman ma ya ce masa jinkirta ci ranar layya mustahabbi ne, ba farilla ba. Ni da na faɗa ba a ji ba, sai da ta fito daga bakin mai rawani.

Amma abin da ya fi ba ni wahala shi ne yawon Sallah. A gidana ni ke riƙe da ludayi, a gidan mutane kuwa kara ce ke mulki. Mun je gaida Goggo, kafin mu zauna an jere waina da miyar taushe, alkaki, cincin, ga zoɓo ya sha suga har yana danƙo. "Ɗan taɓa mana, albarka ce, rana ɗaya me za ta yi?" Kuma gida biyar ne a gabanmu, kowa da tasa rana ɗayar. Da na ce alkakin bai dace da shi ba, sai ta ce ai da zuma aka yi, zuma kuwa magani ce. Aminiya, zuma tana ɗaga suga, amma je ki gaya wa Goggo. Kwalbar lemo guda ma kusan cokalin shayi 9 na suga ke ciki, kuma sai a dire wa baƙo biyu.

Dabarar da na samo: kafin mu fita sai ya ci kwaɗon zogale ya ɗan ƙoshi, in ɗauki gorar zoɓona mai citta da kanumfari ba suga. In an kawo waina ya ci biyu da miya da yawa, ya yabi mai girki sosai, sauran in ce a juye mana mu tafi wa yara da shi. Ba wanda ya ji an raina abincinsa. Naman kam ba ya tayar da suga irin shinkafa, sai dai kitse da gishirin soyayye ga mai hawan jini, nan ma faɗa ne kullum.

Af, kin ji an kai kuɗin auta? Wancan dai mai shagon, wanda kika ce ba zai iya ba. Umma ta ce bayan damina. Ki fara tanadin anko, kar ki zo mana da atamfar bara ki ce ta Gana ce.

Sai kuma takalmin Sallah. Baban yara ya sayo sabo mai matsi, ya yi masa bororo a diddige bai ma ji ba, ni na gani da dare. Masu suga jijiyar ƙafarsu kan mutu a hankali, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Yanzu kowane dare sai na haska tocila na duba tsakanin yatsunsa, yana ta mita wai na mai da shi jariri.

Ke kuma da kika ce Hajiyarku tana yawan tashi fitsari da dare ga ƙishirwa, an kai ta an gwada kuwa? Da safe ake zuwa, kafin ta karya. Kar ki bari a saya mata maganin masu lasifika a kasuwa.

Ki gaida maigidan, ki ce har yanzu ina bin sa goron da ya yi alkawari.

Taki har kullum.