Zuwa ga kamfanin da ya ɓata mini lambar kwale-kwale

Malam Manaja,

Assalamu alaikum. Ɗana, sau huɗu ina zuwa ofishinku ana ce mini ka fita, wayarka kuma sai dai ta yi ta ƙara har ta gaji. Shi ya sa na sa jikata ta rubuta mini wannan a inda kowa zai gani. Ba zan kama sunan kamfaninku ba, albarkacin mahaifiyarka da muke haɗuwa wajen suna da biki a Sabon Zango, amma ka san da kai nake.

Kwale-kwalen da na ba ku gyara gadon marigayi maigidana ne. Na itacen da ake kira wawa ne, yana gaɓar Chorkor a nan Akra, yaran ƙabilar Ga ne ke fita su da shi, ni kuma in karɓi kifi in yi banda in kai kasuwa. Da shi nake ciyar da marayu. A watan Yuli, da aka rufe teku aka hana fita su, na ce bari in yi amfani da hutun a toshe inda yake yoyo, a lulluɓe cikinsa da faiba, a sake fenti. Yaronku ya zo ya duba, muka yi ciniki, na biya rabi, rasit ɗin yana hannuna.

Abu ɗaya na ja masa kunne a kai, a gaban sarkin masunta: lambar rajista da ke goshin jirgin, dama da hagu. Na ce ya ɗauki hotonta kafin ya taɓa, ya mayar da ita yadda ya same ta. Ya ce, “Hajiya, kada ki damu, aikinmu ke nan.”

To ga aikin naku. An bi tsohuwar lambar da samfefa sama-sama, ba a kankare ta har ƙasa ba, aka shafa fenti hannu ɗaya a kai. Maimakon a rubuta sabuwa da fentin mai kamar yadda take a da, sai aka yanko sitika irin ta gilashin tasi aka manna. Ni ba mai fenti ba ce, amma shekara talatin ina bakin teku. Gam ba ya kama itacen da gishiri ya ratsa, balle an manna shi a kan fentin da bai gama bushewa ba. Kuma jirgin nan kullum jan sa ake da igiya a kan yashi, igiyar ruwa na dukan goshinsa. Fita uku aka yi, lambobi biyu na ɓangaren hagu suka bi ruwa. Da rana ta doki fentin, sai inuwar tsohuwar lambar ta fara leƙowa daga ƙasa.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Ɓangaren dama, wanda bai ɓalle ba, ashe ba daidai aka jera shi ba: inda 3 take an sa 8. Wato yanzu jirgi ɗaya yana ɗauke da lamba uku, ta dama daban, guntuwar ta hagu daban, ga kuma fatalwar ta asali a ƙarƙashin fenti.

Wataƙila a wurinku lamba ado ce, kamar tutoci da kirarin da masunta ke zanawa a jikin jirgi. Hukumar Kula da Kamun Kifi ce ta ba da ita, ita ce a kan katin shaidar kwale-kwalen, kuma da ita kwamitin bakin gaɓa ke duba wanda ya cancanci man firimis, wato fetur ɗin nan mai rangwame da aka gauraya da man inji domin masunta. Ranar da tanka ta sauke mai, yarona ya je da jarka da kati, aka dubi kati aka dubi jirgi, aka ce ba su yi daidai ba, ya koma gefe. Ban ga laifinsu ba. A 2023 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin kwale-kwale, don haka duk jirgin da aka ga alamar kankara a lambarsa, zargin farko shi ne wani ya sassaƙo sabo ya ari lambar wani. Ni da furfurata, a gaban mutanen da suka san mijina, aka tsaya ana tambayata ko jirgin nawa ne. Wannan ya fi mini ciwo a kan kuɗin.

Kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Agusta ce kakar kifin amane, lokacin da ruwa ke sanyi kifi ya taso, a nan mai banda ke haɗa na shekara. Kwana biyar muka sayi fetur a gidan mai da tsadarsa don kada yara su zauna, har na ga ba riba, na ce a ja jirgi sama. Yau kwana 11 yana kan yashi, maƙwabta na sauke kifi ina saye a hannunsu kamar baƙuwa. Biyu daga cikin yarana sun koma wani jirgi, kuma ba zan hana su neman abinci ba.

Da na yi wa akawunku bayani, sai ya ce in kawo cikon kuɗi tukuna, sitikar ma ai “ta zamani ce”. Cikon yana nan, ban ci ba, amma ba zai fita ba sai an gyara.

Ku turo wanda ya iya aiki, ba ɗan koyo ba. Ya ɗaye ragowar sitikar, ya wanke gam ɗin da kananzir, ya kankare wurin har itace, a bar shi ya bushe, a sa fentin ƙasa, sannan a rubuta lambar da fentin mai, yana duban katin da idonsa, ni ma ina tsaye. Ina kuma son takarda mai hatimin kamfani da ke cewa kuskuren daga gare ku ne, in kai wa sarkin masunta da jami'in hukuma, a wanke sunana. Batun asarar kwanakin nan, sai mu zauna da manya.

Talata ba a fita su a gaɓarmu, kowa yana ƙasa, shaidu ba za su yi wuya ba. Zan kasance a gindin jirgin tun bayan sallar asuba, da kati da rasit. Idan Talatar nan ta wuce ban ga kowa ba, zan kai magana fadar Sarkin Zango, kuma a can ba zan ɓoye suna ba.

Wassalam.

Uwarka,
Hajiya mai kifi banda,
Sabon Zango, Akra