Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Ciwon Sukari, Maƙoƙo da Abin da Bincike Ya Nuna

Iyayenmu maza da mata, malamanmu da 'yan'uwa 'yan ƙungiya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da bayanin ayyukan bana domin Hausawa mazauna Legas masu fama da ciwon sukari, maƙoƙo da sauran cututtukan da kan taso idan sinadaran homon, waɗanda jiki ke fitarwa domin daidaita ayyukansa, suka yi yawa ko suka yi ƙaranci a jiki. Tun farkon shekara muka yanke shawarar cewa ba za mu tsaya a rabon tallafi kaɗai ba, za mu riƙa bibiyar abin da likitoci masu bincike suka gano, mu faɗe shi da harshenmu, sannan mu auna shi da irin zaman da mutanenmu suke yi a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne shirin azumi, wanda muka fara tun cikin Sha'aban. Wani babban bincike da aka yi a 2001 a ƙasashe 13 ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na masu ciwon sukari nau'i na biyu, da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya, sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ƙaru a watan. Ke nan mutane za su yi azumi ko an hana su, saboda haka abin da ya fi shi ne a koya musu yadda za su tsare ransu. Mun ɗauko ƙa'idojin da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta sabunta a 2021, muka bayyana su a masallatai bayan sallar La'asar: mai ciwon ya ga likita kafin watan ya kama domin a sake tsara masa lokacin shan magani, ya karya azumi idan na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, kuma malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, suka tabbatar wa jama'a cewa huda yatsa domin gwaji ba ya karya azumi. Wanda muka fi jin tsoro a kansa shi ne ɗan dakon da ya haɗiye ƙwayar rage sukari ta glibenclamide da sahur a kan kofin koko kaɗai, ya wuni yana sauke kwandunan tumatir cikin rana, har hannunsa ya fara rawa, zufa mai sanyi ta keto masa, yana zaton yunwar azumi ce kawai. Wannan ƙwaya takan faɗar da sukari fiye da metformin, wata ƙwayar maganin ciwon sukari, kuma da yawa cikin masu shanta ba su taɓa jin haka ba sai a waɗannan zaman.

Sai batun insulin. A 1921 aka gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a 1922, amma ga shi bayan fiye da shekara 100 yana neman fin ƙarfin talaka, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Mun tarar da 'yan'uwa suna rage adadin da likita ya rubuta domin kwalba ta daɗe, wasu kuma suna zubar da wadda suka saya da kuɗin gumi saboda an ɗauke wuta kwana biyu. Ga na farkon, asusun tallafi ya yi iya ƙoƙarinsa, ko da yake bai kai ko'ina ba. Ga na biyun, bincike ne ya share mana hawaye. Masana daga Jami'ar Jeniba tare da likitocin agaji na ƙasa da ƙasa sun wallafa a 2021 cewa insulin da aka ajiye cikin zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin Dagahaley a Kenya, bai rasa ƙarfinsa ba har mako huɗu. Saboda haka muka koya wa 'yan'uwa cewa kwalbar da ba a buɗe ba ta zauna a firji idan da hali, wadda ake amfani da ita kuma a ɗaure ta cikin leda, a sa a ƙaramin tulu mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a rubuta ranar da aka buɗe ta, kuma kada a taɓa barinta ta daskare.

Zaman da ya fi taɓa mana zuciya shi ne na reshen mata, a kan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe da kuma man bilicin. Da yawa cikinsu suna ɗauke da sinadarin sitiyarod, wanda ke kwaikwayon homon da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda suke fitarwa. Idan aka daɗe a kansa, fuska takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya turo, ƙafafu su sirance, nankarwa ta fito, sannan hawan jini da sukari su biyo baya. Haɗari na biyu, wanda ba kowa ya sani ba, shi ne dainawa farat ɗaya, domin waɗancan halittu sun riga sun yi sanyi da aiki, mutum na iya faɗuwa rai a hannun Allah. Mun roƙi iyaye mata kada su kunyata 'ya'yansu a kan wannan, su kai su asibiti a rage musu sannu a hankali.

A kan maƙoƙo bayaninmu gajere ne. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, kuma hakan ya rage irin kumburin wuyan da kakanninmu suka sani, amma ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. Mace mai rama, faɗuwar gaba, yawan zufa da firfitowar ido, sau da yawa akan ce sammu ne ko iska, alhali gwajin jini zai nuna cewa tayirod ɗinta, wata halitta da ke gaban wuya mai fitar da homon, ne ke aiki fiye da kima, kuma akwai maganinsa. Waɗanda muka gani da irin haka mun raka su asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja, muka kuma hana kai wa wanzami ya yi tsaga a wuya.

Kwamiti yana ganin lokaci ya yi da mutanenmu za su shiga cikin binciken da kansu. A 2019 masana a ƙarƙashin jagorancin ɗan Najeriya Charles Rotimi suka gano, daga jinin mutanen Najeriya, Gana da Kenya, wata ƙwayar gado mai suna ZRANB3 da ke da alaƙa da ciwon sukari, wadda binciken da aka yi a kan Turawa bai bayyana ta ba. Haka ma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, yakan iya ba da sakamako maras inganci ga masu sikila, waɗanda ba kaɗan ba ne a cikinmu. Mun san dalilin ɗari-ɗarin jama'a, domin ba a manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba, shi ya sa sharaɗinmu shi ne a karanta wa mutum takardar amincewa da Hausa, a gaban wani daga ƙungiya, kuma yana da ikon janyewa duk lokacin da ya so.

Ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, mun yi gwaji kyauta har tsinken gwaji ya ƙare mana kafin jama'a su ƙare. Abin da har yanzu yake mana ciwo shi ne maza da aka samu da sukari mai yawa, waɗanda mafi yawansu ba su koma asibiti ba saboda kasuwa. A baɗi za mu naɗa wakili a kowace kasuwa domin bibiyarsu, mu kuma fara duba ƙafa da ido. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a babban taro, kuma muna roƙon waɗanda ake bi kuɗin wata su biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa