Zuwa ga ɗana Habibu a Riyad

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu nan Makka sai godiyar Allah.

Labarin haɗarin motarka daga bakin gwaggonka muka ji shi, ba daga bakinka ba. Wannan na ajiye sai mun haɗu. Alhamdu lillahi da abin ya tsaya kan ƙarfe. An ce ba ka yarda da sulhun bakin titi ba, ka jira ma'aikacin Najm, kamfanin da ke duba haɗarin motoci masu inshora, ya zo ya ɗauki hotuna ya rubuta rahoto. Ka kyauta. Yanzu ka kai motar cibiyar Taƙdir su ƙiyasta ɓarnar kafin bakanike ya taɓa ta, ka haɗa takardarsu da rahoton da lambar asusunka na banki, ka miƙa wa kamfanin inshorar wancan mutumin. Idan takardu sun cika, kwana 15 na aiki doka ta ba su. Amma kada ka sa rai da yawa: tunda an ɗora maka kashi 75 cikin ɗari na laifin, rubu'in gyaran kawai za su biya. Na ce ka yanki shamil, wato cikakkiyar inshora, ka ce tsada.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. An ce Nura ne ke tuƙi, shi da ko lasisi ba shi da shi, kai kuma ka ce wa ma'aikacin kai ne. Habibu, gaskiya ne? A garin da kyamara ke kan kowace mararraba? Ranar da gaskiya ta fito, kamfanin inshorarka zai biya mutumin, sannan ya dawo kanka ya karɓi kuɗinsa har kwabon ƙarshe, ban da abin da ƙarya a takardar hukuma ke jawowa ga baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama. Yau fitila ce ta fashe. Da rai aka rasa fa? Diyyar kuskure riyal 300,000 ce. Wa zai biya, uban Nura? Kun ce na cika tsanani lokacin da na hana shi makullina, to ga shi nan.

Na san tausayi ne ya ja ka, halin mahaifiyarka ka ɗauko. Ba na fushi da zumunci. Ka kira ni daren Juma'a ka faɗa mini yadda aka yi, mu san ta inda za a gyara. Makullin kuma ya zauna a aljihunka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka