Zuwa ga mai unguwarmu: kafin a sa tarar zubar da shara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A taron da aka yi ƙofar gidanka kan maganar lambatun unguwa, ka tambaye ni gaban jama'a, tun da na daɗe ina aikin duba-gari kafin in huta: idan aka sa tarar jika biyar kan duk wanda aka kama yana zuba shara a lambatu, aka kuma ba samari izinin kamawa, abin zai yi magani? Magariba ta kawo kai, taro ya watse ban gama magana ba. Ga amsar a rubuce, don waɗanda suka ji tambayar su ma su gani.

A sa tara, ban ƙi ba. Amma in aka sa ta yadda aka faɗa a taron, na san wa za a kama. Yarinya ce da tsohon bokiti a ka, uwarta ta tashe ta da sassafe ta ce je ki zubar. Ko almajirin da aka yi wa alkawarin ɗumame. Su ne ke zubarwa ido na ganin ido. Wanda ya toshe mana lambatu da gaske ba da bokiti yake zuwa ba, kuma ba ya zuwa da rana.

Shara a Maraɗi ta zama sana'a, kuma lissafinta ba wuya. Gida ya biya mai amalanke ko mai kura ya kwashe, da niyyar ya kai juji bayan gari. Bayan gari da nisa, kullum kuma ƙara nisa yake yi tun da gari na ta faɗi. In ya kai can, sawu kaɗan zai yi yini ya ƙare, jaki ya gaji. In ya juye a kangon da mai shi ke Yamai ko Kano bai leƙo ba shekara da shekaru, ko a bakin kwazazzabo, sai ya ninka sawunsa. Ribarsa duka tana cikin tafiyar da aka biya shi bai yi ba. Sama da shi akwai mai motar da ke kwashe ɓaraguzan gini, da mai tankar yasar masai da ke gangarawa wajen Gulbi bayan isha'i ya buɗe bututu, da mai filin da ke karɓar kuɗi a cike masa rami da shara don gobe ya rufe da yashi ya sayar a matsayin fegi. Na taɓa tsayawa kan irin wannan ramin na ga sirinji da allurarsa da audugar da ta sha jini a sama-sama, yara na tono a gefe suna neman gwangwani. Ba daga ɗakin wata tsohuwa waɗannan suka fito ba.

Wannan lissafi ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A 1988 aka gano ganguna masu guba, tan dubu 3 da ɗoriya, da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, wani ƙaramin gari na bakin ruwa a kudancin Najeriya. Mai filin ana ba shi dalar Amurka 100 a wata. Sai da aka yi tashin-tashina tsakanin ƙasashen biyu kafin a mayar da kayan, Najeriya kuma ta kafa dokar ɗaurin rai-da-rai kan irin wannan laifi. Abin da ya faru a Koko yana cikin dalilan da suka sa aka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka ga ba ta ishe su ba suka yi tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai guba nahiyar gaba ɗaya. Nijar na cikin duka biyun.

Takarda ba ta hana ba. A watan Agusta na 2006 jirgin ruwan nan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya iso Abijan da dattin mai. Kafin nan a Amsterdam an nemi kusan Yuro dubu 500 don a sarrafa shi yadda ya kamata, suka ce ya yi tsada. A Abijan wani sabon kamfani ya karɓi aikin a kan abin da bai kai dalar Amurka dubu 17 ba, ya ɗauki motocin tanka suka zazzaga gari da dare suna zubarwa. Aƙalla mutum 15 suka mutu, fiye da dubu 100 suka nemi magani. Ka duba, ranka ya daɗe, ba mai amalankenmu ne wannan ba, illa dai jakinsa ya fi girma? Daga baya kamfanin Trafigura ya biya gwamnatin Kodebuwa biliyan kusan 100 na sefa, bai kuma amsa laifi ba.

Tun da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar roba ta ƙasashen waje a 2018, masu wannan fatauci suka bazu neman inda tsaro ke da rauni. Yanzu ba su cika ɓoye kaya ba, sunansa suke sauyawa a takarda. A 2020 kwantena 282 na sharar gidajen Italiya suka sauka a tashar Susa ta Tunisiya da sunan robar da za a sake sarrafawa. Maganar ta kai ga tsige ministan muhalli da tsare shi. Mu ba mu da teku, amma namu rabon yana isowa ta mota, ta Ɗan Isa da sauran iyakoki, da sunan kayan hannu: tsofaffin talabijin, firji, wayoyi, batura. Wasu na aiki, talaka na amfana, ban musa ba. Wasu kuma tun can matattu ne, ɗan duwan ba shi da wurin da zai jona kowane ɗaya ya gwada. Duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin waɗannan kayan lantarki a 2022, abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta sharar ta sauya. Kai ma ka san lokacin da juji dukiya ne. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa. Kafin damina manoma har roƙo suke yi a bar musu su kwashe su kai gona, juji ya ƙare da kansa ba a biya kowa ba. Yau manomi ya zuba amalanke ɗaya a gonarsa, iska ta taso, leda ta rufe masa kunya-kunya, ruwa ba ya ratsa ƙasa. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa in ya farke tumbin akuyar da ta yi kiwon gari: dunƙulen baƙar leda a murɗe, ta cika cikin, dabba na ci tana ramewa. Jar akuyar Maraɗi da ake neman fatarta har ƙasashen Turai, ga abin da muke ciyar da ita. Dokar da ta hana yi da shigo da sayar da irin wannan siririyar leda tana nan tun 5 ga Nuwamba 2014. Jeka kasuwa ka sayi barkonon dala biyar ka ga cikin me za a ƙulla maka. Ga kuma baturan sola da na babura da suka yawaita. Idan sun mutu ƴan jari-bola kan fasa su, su tsiyaye ruwan a ƙasa, su ciri darmar su sayar. Darma ba ta ruɓewa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara ci.

Duk wannan Gulbi yake nufa. Garin nan ba da son ransa ya hau tudu ba, ambaliyar 1945 ce ta kore shi daga kwari. A ƙarshen Agustan 2024 ruwa kusan milimita 150 ya sauka cikin awa ɗaya da rabi, gidaje suka rushe, aƙalla mutum 15 suka rasu. Ruwa irin wannan ko lambatu a share yake zai yi ɓarna, amma wanda ya ga inda ya bi a unguwanni ya san inda hanyarsa ta toshe ya juya cikin gidaje. Abin da ya samu wucewa kuma yana bi ta Tibiri da Gidan Runji, ta lambunan da muke cin ganyensu.

Saboda haka shawarata, kafin tara a fara samar da wurin zubarwa. Ba a hukunta mutum kan ya ƙi bin hanyar da babu ita. Ka nemi ma'aikatar magajin gari ta ware mana wuri guda kusa, da ranar da mota za ta riƙa kwashewa, ranar da aka sani ba ranar da man fetur ya samu ba. Sannan a tara masu amalanke da kura da ke aiki a unguwar nan a gabanka, a san kowa da fuskarsa, a rubuta lamba a jikin amalankensa. Kuɗinsa kuma a raba biyu: rabi in ya ɗauka, rabi in ya dawo da shaidar mai gadin juji cewa ya kai. Da zarar ribar gajeriyar hanya ta tafi, ba sai an bi shi da sanda ba. Amma a ƙara masa kuɗin, gaskiya, don idan ɓera da sata daddawa ma da wari: maigidan da ke taya kwasar shararsa a farashin da ya san ba zai kai mutum bayan gari ba, ya san inda za ta kwana.

Tarar kuma a auna ta da abin da aka ɗauko sharar a ciki. Jika biyar ga mai tankar masai kuɗin shayi ne, ga uwar yarinyar nan kuwa cefanen kwanaki. Mota da tanka a kai maganarsu hukuma da lambarsu, dokar tsaftar jama'a da ta muhalli ta 1998 ba don ado aka yi su ba. Masu kango a aika musu su kewaye filinsu. Bokiti kuwa a yi wa maigidan magana sau ɗaya, sau biyu, kafin a zo ga kuɗi.

Samari kuma, Allah ya ba ka nasara, kada a ba su ikon karɓar ko dala. Ranar da tara ta fara shiga aljihun mai kamawa, ranar za a fara ciniki da masu mota a bar su su wuce, a ƙare a kan almajirai. Su gani, su rubuta lamba, su ɗauki hoto da waya, su kawo maka.

In ka amince, kafin ruwan farko mu zaga da kai da limami da safe, in nuna muku wuraren da motocin ke juyewa. Sawun tayarsu na nan a kan yashi.

Naka,
Tsohon duba-gari, Maraɗi