Dankalin nan fa ba na Turawa ba ne

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in amayar da abin da ya tsaya min a rai game da sunan dankalin Turawa tun dawowata daga ƙasar Peru. Wani kwas na noma ne ya kai mu Lima, inda cibiyar binciken dankali ta duniya take tun 1971, da aka gama muka ce tunda an zo ai sai an leƙa Kusko, tsohon birnin sarakunan Inka.

Garin yana kan tsauni mita kusan 3,400, ni da nake buga ƙwallo a Murtala Square duk Asabar wallahi matakala goma na hau sai ga ni ina haki kaina na sarawa, mai masaukinmu ta miƙo min shayin ganyen koka tace kowane baƙo haka yake yi.

To a kasuwar San Pedro ne ido ya raina fata. Dankali tuli tuli, ja, baƙi, rawaya, wani shuɗi har cikinsa, an ce iri sun haura 3,000 a ƙasar. Wata tsohuwa mai jin Kecuwa, yaren 'yan asalin yankin, ta ɗora min wani busasshe a tafin hannu kamar tsakuwa, chuño sunansa, a baza shi sanyin dare ya daskarar, a tattake da ƙafa ruwan ya fita, rana ta busar, sai ya yi shekaru bai lalace ba, kamar dai kauɗar tumatir ɗinmu. Tun shekaru dubbai kakanninta ke noma dankali a wajajen tafkin Titikaka, sai bayan Pizarro, jagoran mayaƙan Sifen, ya kama sarkin Inka Atahualpa a 1532 ne mutanen Sifen suka kai shi Turai, daga baya ya iso mana har Jos. Kenan sunan dillali muka laƙaba ma kayan, mai kaya ko oho.

Haka ma a Machu Picchu, tsohon garin Inka da ke kan dutse, ana ta cewa Ba'amurke Hiram Bingham ya gano wurin a 1911, alhali manoman da ke zaune nan ne suka ja shi har saman dutsen.

Ni dai roƙona Edita, in za ku buga farashin kasuwa ku riƙa rubuta dankalin Jos, ko banza ɗan Bokkos ne ya duƙa ya noma wanda muke saye a Kasuwar Barci.

Mai karatunku, daga Unguwar Rimi, Kaduna.