Masu zuba gas a manyan AC na saman bene, a ji tsoron Allah

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan manyan AC ɗin nan da ake girkawa a saman plazoji da ofisoshi a Wuse da Garki. Da sanyi ya ragu sai makaniki ya hau da tulun gas ya ɗura ya karɓi kuɗi ya sauko, alhali gas ɗin AC ba fetur ba ne da zai ƙare, in ya ragu to yoyo yake wani wuri, sai an nemo wurin ko da ruwan sabulu ne an yi walda an zuƙe iska da danshi da injin bakyum, sannan a zuba da sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin AC ɗin. Wasu kam da hannu suke taɓa bututu su ce ya isa! In gas ya yi yawa kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, shi ne ke mutuwa, ga tsada.

Sau tari ma ba gas ba ne, ƙurar hunturu ce ta toshe kwandensa, wato ɓangaren da ke fitar da zafi waje, wanki kawai yake so. Kuma nau'o'in gas ɗin nan biyu, R22 da R410A, ba a gauraya su, matsinsu daban, mansu daban. Masu gini ku riƙa tura wani ya hau ya ga sikelin da idonsa kafin ku biya.

Naku,
Mai karatu daga Wuse, Abuja